Ƙwaƙwalwar mamaci za ta iya faɗa mana dalilin taɓin hankali?

Abdul-Azizu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya wani odiyo ke yawo, an turo mini shi daga gida Tawa, an sake turowa daga fadarmu ta Bukoki. Mai maganar cewa yake wai Turawa sun buɗe ƙwaƙwalwar masu taɓin hankali da suka rasu, sun ga "furotin ɗin hauka", kuma wai saura ƙiris a riƙa gane mai ciwon da ɗigon jini. Tanti Rabi, wannan fagenku ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Majo Isufu: Wa alaikumus salam. Tun muna samari ake cewa gwajin jinin nan yana hanya. Na yi ritaya bai iso ba.

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam. Na saurara har ƙarshe. Gaskiya ne akwai wuraren da ake ajiye ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu, da izininsu ko na danginsu, ana bincike a kanta. Sauran maganar ƙarin gishiri ne. Babu wani furotin guda na hauka, kuma har gobe babu gwajin jini ko hoton kai da zai ce wane yana da sikizofreniya, wato taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi da ruɗu. Da tambaya da lura likita yake gane ta.

Abin da ake dubawa ya fi haka siriri. Muna da ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da umarnin ƙera furotin. To amma idan an gama ƙera furotin ba a nan aiki ya ƙare ba. Jiki yana bi yana liƙa masa ƙananan abubuwa yana cirewa: fosfat, ko sarƙar sukari, ko ɗan kitse, ko wani ƙaramin furotin da ake kira ubikitin. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin. Ba da ta da nun da ya, a tsakiyar kalma ƙirarsu ɗaya ce, ɗigo ne ya raba su. Furotin ma haka yake: a sa masa fosfat a wuri kaza ya tashi aiki, a cire ya kwanta. Sukari ke taimaka masa ya naɗu daidai ya isa inda aka aike shi. Idan kuwa aka jera masa ubikitin, galibi alama ce ta a kai shi a rushe. Masu binciken ɗigon nan suke ƙirgawa a ƙwaƙwalwar marar lafiya, su kwatanta da ta mai lafiya.

Malam Sani: Madalla da misali, Hajiya. Ɗigo ɗaya kam yakan juya ma'anar aya. Ina biye, ina da tambaya amma sai an gama.

Lawali labo: Tanti, da wace na'ura ake ganin abu ƙarami haka? Mu a labo iyakarmu mu ce furotin kaza ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Dakta Rabi: Hanya biyu ce, Lawali. Ta da, a niƙa ɗan yankin ƙwaƙwalwa, a ware furotin ɗin bisa girmansu a cikin jel, sannan a zuba wani sinadarin garkuwa da ba ya kama furotin sai idan yana ɗauke da fosfat a wuri guda takamaimai. Ta yanzu, a yayyanka furotin ɗin gunduwa-gunduwa a auna nauyin kowace gunduwa da wata na'ura mai suna sifektiromita. Fosfat ɗaya yana ƙara nauyin dalton 80 (dalton shi ne ma'aunin nauyin irin waɗannan ƙananan abubuwa). Idan gunduwa ta fito da ƙarin 80, ka san an liƙa mata. A zama ɗaya sai a karanta dubban wurare.

Abin ba sabo ba ne. Edmond Fischer da Edwin Krebs suka gano liƙa fosfat da cire shi a shekarun 1950, a tsokar nama ma ba a ƙwaƙwalwa ba, aka ba su Nobel a 1992. Paul Greengard shi ya nuna cewa dopamin, ɗaya daga sinadaran kai saƙo a ƙwaƙwalwa, ta wannan hanyar take isar da saƙonta cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ya samu tasa a 2000. Masu aikin liƙawar, kinaz, sun haura iri 500 a jikin ɗan Adam.

Abdul-Azizu: To me aka gani a masu ciwon? Ko abu ɗaya mai kama hankali.

Dakta Rabi: Wanda aka fi ambata na 2004 ne, daga masu bincike a Niyok. Sun ce a ƙwaƙwalwar masu sikizofreniya wani kinaz mai suna AKT1 ya ragu, kuma fosfat ɗin da yake liƙa wa wani kinaz ɗin, GSK-3, shi ma ya ragu. Wannan fosfat ɗin birki ne. Idan babu shi, GSK-3 ya yi ta aiki ba tsayawa. Abin ya ja hankali ne saboda tun 1996 an gano cewa litiyom, maganin ciwon bipola mai sa yanayin mutum ya yi ta hawa da sauka, GSK-3 ɗin nan yake dannewa. Sai aka ga kamar hanyoyi biyu sun haɗu a mararraba guda.

A Jami'ar Alabama ta Bamingam kuma, ɗakin binciken James Meador-Woodruff ya daɗe yana bin sarƙoƙin sukari. Sun ba da rahoton cewa sukarin da ke jikin masu karɓar saƙon gulutamat da GABA (su ma sinadaran kai saƙo ne a ƙwaƙwalwa), da masu kwashe gulutamat, ya saɓa a masu sikizofreniya. Ma'ana mai yiwuwa furotin ɗin yana nan da yawansa, amma bai isa bakin aikinsa yadda ya kamata ba.

Majo Isufu: Ƴata, bari in tambaye ki abu guda. Mutanen nan da aka yanka ƙwaƙwalwarsu, sun sha magani kafin su mutu ko ba su sha ba?

Dakta Rabi: Kusan duka sun sha, Baba Majo. Wasu shekaru 20, wasu 30.

Majo Isufu: To ai magana ta ƙare. Ni na ba da Largactil da Haldol da hannuna har ba iyaka. Na ga saurayi ya shigo yana fizge-fizge, mutum huɗu na riƙe da shi. Bayan mako biyu ya natsu, amma wuya ya sandare, miyau na dalala, in ka miƙa masa kofin shayi sai ya tallafe shi da hannu biyu saboda rawa, sai mun ƙara masa Artane. Maganin da ke yi wa hannu haka cikin mako biyu, me zai yi wa ɗigon naki cikin shekara 20? Ga taba sigari, yawancinsu ba sa rabuwa da ita. Ga rashin barci, ga zaman kaɗaici, wasu an ɗaure su da mari shekaru. In kin ga bambanci, ta yaya za ki san na ciwon ne ba na maganin ba, ba na wahalar ba?

Lawali labo: Baba Majo ya kama bakin zaren.

Dakta Rabi: Ya kama, kuma su ma masu aikin wannan ce tambayar da ke hana su barci. Dabarar da suke yi, su ba ɓeraye ko birai haloferidol, wato Haldol, na watanni, su duba ko furotin ɗin ya sauya kamar yadda aka gani a mutum. Idan bai sauya ba, su ce to ba maganin ba ne. A binciken 2004 ɗin ma sun ba ɓeraye maganin, sai fosfat ɗin AKT1 ya ƙaru, wato maganin yana turawa ne saɓanin inda ciwon ya tura. Amma ɓera ba ya jin muryoyi, ba ya shan taba, kuma wata shida ba shekara 20 ba ce. Ban ce an rufe ƙofar ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan damuna, shi ne mutuwar kanta. Liƙa fosfat yana buƙatar makamashi, cire shi ba ya buƙata. Da zarar zuciya ta tsaya, iskar oksijin ta yanke, masu liƙawa sun ajiye aiki, masu cirewa kuma suna ci gaba da nasu. A 2005 aka gwada a ɓeraye, a Alabama ɗin dai: wancan fosfat na GSK-3, shi kansa wanda ake magana a kai, cikin ƴan mintoci bayan mutuwa mafi yawansa ya faɗi. Har maganin sa barci da aka ba ɓeran kafin nan yana canza shi. Shi ya sa masu aiki da ɓeraye wani lokaci suke amfani da zafin maikurowef mai ƙarfi su tsayar da komai cikin daƙiƙa. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa sai an samu gawa, an nemi dangi, an sa hannu, an kai ɗakin fiɗa. Awowi ne masu yawa, sau da yawa fiye da kwana guda.

Abdul-Azizu: Innalillahi. Ke nan abin da suke aunawa ragowar abin da mutuwa ta bari ne.

Dakta Rabi: A kan fosfat, sau da yawa haka ne. Ba duka ɗigon ke gogewa da sauri ɗaya ba. Sukari ya fi juriya. A jikin histon, furotin ɗin da DNA ke naɗe a kansu, alamar metil tana daɗewa. Saboda haka idan kun ga labari irin wannan, tambayoyin da za ku yi su ne: wane irin ɗigo aka auna, awa nawa tsakanin mutuwa da daskarewa, kuma mutum nawa. Tarin farko na cibiyar Stanley ta Amurka, wanda ɗakunan bincike da yawa a duniya suka yi aiki da shi, ƙwaƙwalwa 60 ce kacal: 15 masu sikizofreniya, 15 bipola, 15 ciwon damuwa mai tsanani, 15 masu lafiya. Da 15 da 15 za ka iya ganin bambancin da wani idan ya maimaita ba zai gani ba. Maganar AKT1 ɗin ma wasu sun sake gani, wasu ba su gani ba.

Hadiza: Salamu alaikum. Ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ƙanwata ta sa ni a zauren. Yayana yana da ciwon nan tun yana lise. Mun je wurin malamai, mun je ruƙiya, an ce sammu ne, an ce iska ce, daga baya muka kai shi asibiti. Yanzu allurar wata-wata yake yi, kuma alhamdu lillahi yana zama shago. Da na ji odiyon har na yi kuka don murna, na ce ƙila a auna ƴaƴansa tun suna ƙanana. Yanzu na ji kuna cewa babu. To duk wannan binciken me ya amfana mana?

Majo Isufu: Allah ya ƙara masa lafiya, Hadiza. Tambayarki ita ce tawa. Kuɗin firiza ɗaya ta irin wannan aikin zai saya wa mutum nawa allurar shekara? Dangi na zuwa Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, daga Filinge, daga Dogon Dutsi, daga Tawa, kuɗin mota kaɗai ya cinye su. In magani ya ƙare a gida sai a bari, sai ciwo ya dawo a sake ɗauro shi. Mu matsalarmu ba GSK ba ce.

Dakta Rabi: Hadiza, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ku lada. Ba zan yi miki daɗin baki ba: allurar da yayanki ke yi ba daga wannan binciken ta fito ba. Magungunan nan sun riga bayaninsu zuwa. John Cade ya gwada litiyom a Ostareliya a 1949, ba a san yana taɓa GSK-3 ba sai bayan shekara 47. Largactil a asibitin Sainte-Anne na Paris Jean Delay da Pierre Deniker suka riƙa ba masu taɓin hankali tun 1952, ba su san da maganar dopamin ba. Haldol 1958 a Beljiyam. Dépakine, maganin farfaɗiya da bipola, ita ma sai a 2001 aka gane tana hana cire alamar asetil daga jikin histon, alhali an daɗe ana sha.

Amma Baba Majo, a nan na rabu da ku kaɗan. Shekara 70 duk maganin sikizofreniya ƙofa ɗaya yake bugawa, ta dopamin, shi ya sa rawar hannun da kuka bayyana take biyo shi. Kuma yana kashe muryoyi da ruɗu amma ba ya dawo wa mutum da himma da kaifin tunani. Sai a Satumba 2024 Amurka ta amince da wani magani, Cobenfy, da ke bi ta hanyar wani sinadarin saƙo daban, asetilkolin. Daga cikin abin da ya ƙarfafa bin wannan hanyar akwai binciken ƙwaƙwalwar mamata da ya nuna masu karɓar wannan saƙon sun ragu a wasu masu ciwon. Tsadarsa ta fi ƙarfinmu yanzu, na sani. Haldol ma da can sabo ne mai tsada.

Majo Isufu: In ya iso farmasin Wadata da kuɗin da talaka zai iya, ki tashe ni.

Lawali labo: 😂 Baba Majo ba ya sassautawa. Ni dai ta ɓangaren aikina nake kallo. Tanti ta taɓa nuna mini yadda ake yi: a raba ƙwaƙwalwa biyu, rabi a jiƙa a formol don madubin likita, rabi a yanka fale-fale kaurin yatsa a daskarar, a ajiye a sanyin 80 ƙasa da sifili. Kowace jaka da lambarta, da awannin da suka wuce kafin a daskarar, da tsamin naman, don wanda ya daɗe yana jinya kafin rai ya fita ƙwaƙwalwarsa ta fi tsami. Mai bincike in ya nema, ɗan guntu kamar ƙwayar masara za a gutsura masa daga goshin ƙwaƙwalwa. To ku dubi watan Afrilu a Yamai, zafi 44, wuta ta tafi, gurup ba mai. Ko a Amurka, a 2012 firizar ajiyar Harvard ta lalace ba a ankara ba, ƙwaƙwalwa da yawa suka narke, ciki har da kaso mai yawa na tarin masu otizim. Su ke nan.

Malam Sani: To ga tambayata. Mu in mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi maƙabartar Yantala. Gaggauta jana'iza sunna ce. Kuma hadisi ya zo daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, Abu Dawuda ya ruwaito, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ban ce an rufe ƙofa gaba ɗaya ba, don majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta fiɗar gawa saboda binciken kisa, da gano cuta don kare masu rai, da koyar da likitoci, bisa sharuɗɗa. Amma a fiɗa a mayar a binne daban, a cire gaɓa a ajiye shekaru a firiza daban. Wannan sai malamai sun zauna da likitoci. Hajiya, akwai ƙasar baƙar fata da ke yi?

Dakta Rabi: Akwai, Allah gafarta Malam. A asibitin koyarwa na Ibadan, Farfesa Rufus Akinyemi da abokan aikinsa sun kafa ajiyar ƙwaƙwalwa, amma sun fi karkata ga ciwon mantuwa na tsufa da shanyewar jiki. Kafin su yi nisa sai da suka bi jama'a suna tambayar ra'ayinsu, don can ma mutane suna ƙyamar a binne nasu ba cikakke ba. A Baltimo ta Amurka cibiyar Lieber ta buɗe shiri na musamman kan ƙwaƙwalwar baƙaƙen fatar can, saboda an lura yawancin abin da aka sani daga Turawa aka samo shi. Binciken ƙwayoyin gado na 2022 da ya gano wurare 287 masu alaƙa da sikizofreniya shi ma galibinsa Turawa ne da mutanen gabashin Asiya.

Abdul-Azizu: Amma Malam, abin mamaki, gaggawar tamu ai ita masu binciken ke nema. Su matsalarsu jinkiri, mu ba ma jinkiri.

Malam Sani: Ɗana, mu gaggawar kaiwa makwanci muke yi, ba ta kaiwa firiza ba. Wa zai tunkari uwa gawar ɗanta na kan tabarma ana ɗinka likkafani ya ce ta sa hannu? In za a yi, sai dai mutum ya yi wasiyya da bakinsa yana raye yana cikin hankalinsa. Kuma ka lura, wanda ake magana a kansa mai taɓin hankali ne. Yardarsa ma sai an yi taka-tsantsan.

Majo Isufu: Wannan gaskiya ne. Wanda ba a nemi shawararsa ba lokacin da aka ɗaure shi a turu, kada a zo neman ƙwaƙwalwarsa ranar da ya mutu.

Dakta Rabi: Ban da ja a nan. Ni ma ba ajiyar ƙwaƙwalwa nake nema wa Nijar yau ba. Akwai hanyoyin da ba sa buƙatar gawa. Tun aikin Shinya Yamanaka na 2006 da 2007, ana iya ɗaukar ƙwayoyin fata ko na jini a mayar da su ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cikin faranti, an yi haka da na masu sikizofreniya tun 2011. A nan fosfat ɗin yana raye, kuma ƙwayoyin ba su taɓa shan Haldol ba. Aibinsu, jarirai ne, sun fi kama da ƙwaƙwalwar ɗan tayi, ciwon kuwa sai an balaga yake bayyana. A asibitin Mount Sinai na Niyok kuma suna karɓar ɗan guntun ƙwaƙwalwar masu rai, da yardarsu, lokacin tiyatar sa waya a kai irin ta masu ciwon Fakinson, kuma sun ga bambanci mai yawa tsakaninta da ta mamata. Yawu da jini kuwa muna da su. Habasha, Kenya, Yuganda da Afirka ta Kudu sun shiga babban binciken gado na NeuroGAP da yawu kawai. Wannan ba abin da zai gagari Jami'ar Abdu Mumuni ba ne idan an samu abokan aiki.

Hadiza: Na gode Tanti. To maganar ƴaƴansa fa? Matarsa kullum cikin fargaba take.

Dakta Rabi: Gado yana da hannu, amma ba hukunci ba ne. A duniya kamar mutum 1 cikin 300 ke da ciwon. Idan uba ko uwa ɗaya na da shi, haɗarin yana hawa zuwa wajen 1 cikin 10, wato 9 cikin 10 ba za su yi ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan lafiyarsa lau. Baba Majo ya fi ni sanin abin da za a lura da shi.

Majo Isufu: Ki gaya mata ta kwantar da hankali, kada ta riƙa kallon yara kamar marasa lafiya. In sun kai samartaka a tsare su daga wiwi da tramol, wannan shi ne babba. In yaro ya fara ƙin mutane, ya daina barci, karatu ya zube, yana magana shi kaɗai ko yana cewa ana bin sa, kada a jira sai ya fasa kaya. A kai shi da wuri, a yi addu'a a kuma sha magani, ba sa faɗa da juna. Shi kuma yayanki, ranar allura ta zama kamar ranar albashi, kada ta wuce ko da ya ce ya warke. In kun ga bakinsa ko harshensa na motsi shi kaɗai, ku gaya wa likitansa, akwai gyaran da ake yi wa awon.

Abdul-Azizu: Tanti, zan iya tura bayaninku na farko ga waɗanda suka turo mini odiyon?

Dakta Rabi: Tura, amma ka haɗa da tambayar Baba Majo ta magani. Ka cire saƙon Hadiza.